Na Gane Bakin Gizagon Da Ke Kashe Mana Itatuwa

Malama mai wannan fili, ina yi miki sallama, kuma ina roƙon ki taimake ni da shawara ko da ta layi biyu ce, don kwanakin da suka rage min kaɗan ne.

Akwai wata magana da na fara ji bara bayan girbi, na ji ta na watsar. Cewa aka yi wai itatuwan da ke bushewa a kurminmu ba mutuwar Allah suke yi ba, akwai mai kashe su a tsaye. Ni kuwa a gaban kakata na girma, wadda in ta fara labari sai itace ya yi tafiya, dutse ya yi aure. Tun ina ƙarami na iya jin magana in ji daɗinta, in bar ta a inda na same ta. Wannan ma haka na yi mata.

Bari in koma baya don ki gane. Sana'ata sassaƙa. Shekara arba'in da ɗoriya ina yin turmi da taɓarya, da ƙotar fartanya, da kujerar mata. In za a lissafa waɗanda suka cinye dajin garinmu, ba sai an neme ni ba, ina sahun gaba. Shekara biyar da suka wuce wata ƙungiya mai zaman kanta ta zo mana, masu kula da daji da ruwa. Gaskiyarsu zan faɗa, ba su zo da doka a aljihu ba. Tabarma suka shimfiɗa, wata uku suna zuwa suna tambayarmu ina rafi yake kaiwa a da, wace bishiya muka daina gani. Da bakinmu muka ce a killace kurmin bakin rafi, kada a taɓa ɗanyen itace har shekara goma. Busasshe kuwa, wanda ya mutu da kansa, kowa na iya ɗauka. Su kuma suka kawo wa maza akwatunan kiwon zuma, mata awaki da murhu mai cin itace kaɗan. Aka kafa kwamitin mutum bakwai, aka ce ni ne shugaba, wai babu wanda ya san itatuwan nan kamar wanda ya kashe iyayensu. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Hukuncin ma ni na kawo shi. Na ce duk wanda aka kama ya taɓa ɗanye, a kira sunansa a gaban taro, a karɓe abin da ƙungiya ta ba shi a ba wani. Ma'aikaciyarsu, wata mai tabarau da muke kira 'Yar Takarda, ta ce Baba ko a sassauta, a fara da gargaɗi. Na ce mata ita littafi ta sani, ni mutanen garin nan na sani.

Mutum ɗaya hukuncin ya taɓa hawa kansa. Wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu. An gan ta ta sare rassan marke biyu don ta tokare rufin ɗakinta da ke shirin ruftawa da damina. Ni na kira sunanta. Ni na aika aka kwance awakinta biyu, ɗaya ma da ciki. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Igiyar kawai ta ce a bar mata, tata ce. Har yau in mun haɗu a hanya sai ta durƙusa, Baba ina kwana, yaya ƙarfin jiki. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Kurmin dai ya tashi, wannan ba ƙarya. Rafin da ke ƙafewa tun kafin zafi ya kankama yanzu yana kusan kai mu faɗuwar ruwa. Zabin daji sun dawo. Masu zuma suna tatsa suna sayarwa, har wasu sun canja rufin ɗaki.

Ban da ƙanena. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na ba shi shekara shida, kuma ni na koya masa riƙon gizago. Shi ma an ba shi akwati biyu. Shekara biyar ƙudan zuma ko leƙawa ba su yi ba. Ɗaya gara ta cinye, ɗayan matarsa ke ajiye kwanuka a ciki. Ga shi in ƙuda ɗaya ya harbe shi fuskarsa sai ta kumbura har 'ya'yansa su tsaya suna kallonsa kamar baƙo. Yakan ce min, Yaya, an mai da masassaƙi makiyayin ƙwari. Sai in yi dariya in wuce. Ni da na ajiye sana'a ina da 'ya'ya manya masu aiko min. Shi ya yi aure a makare, nasa duk ƙanana ne. Ranar da na zama shugaba na ɗauki gizagona na miƙa masa, na ce ni na gama. Ban tambaye shi da wane itace zai yi aiki ba. Sai yanzu nake tuna ban tambaya ba.

Wanzami ne ya fara kawo min maganar kashe itatuwan nan, yana riƙe da kaina, kin san in aska tana wuyan mutum dole ya saurara. Bai kama suna ba. Bayansa sai wata mai sayar da nono ta ce ta ga wani tsugune a gindin ƙirya, ba kuma bawali yake yi ba. Sai mataimakina a kwamiti, wanda ya daɗe yana auna faɗin kujerata da ido. Shi ya ce abin mamaki, ciwon nan ba ya kama ƙananan itatuwa, sai ƙirya wadda ta isa turmi, kuma kullum ƙanena ne yake fara gano ta bushe. Na ce to wa zai fara gani in ba wanda ya fi kowa buƙata ba? Na sa maganarsa a hassada.

Kwana tara da suka wuce, da hantsi, na shiga kurmi ni kaɗai, ban ma san me ya kai ni ba. Na tsuguna a gindin wata ƙirya da ganyenta ya fara ja, na ture ciyawa da tarin busasshen ganye da aka jibga mata. Can ƙasa, tafin hannu ɗaya daga ƙasa, an ɓare ɓawonta an zagaye gindin kaf, an shafe wurin da laka. Duk wanda ya yi aikin itace ya san ma'anar wannan. Ba za ta faɗi ba, ba wanda zai ji ƙarar gatari, a hankali za ta bushe a tsaye, baɗi ta zama busasshiya, halal ga kowa. Na kankare lakar da farce. Gizagon nan nawa yana da ɗan giɓi a baki tun ranar da na sari ƙusa da shi shekara ashirin da suka wuce, duk inda ya sara sai ya bar wani siririn layi. Layin yana nan. Na zaga na ƙirga goma sha ɗaya. Huɗu an riga an kwashe, sai kututture. Bakwai suna kan hanya.

To ga abin da ya sa na rubuto. Na zauna a gindin itacen ina jiran fushi, bai zo ba. Na jira kunya, ita ma ba ta zo ba. Abin da ya faɗo min a rai shi ne aikin ya yi kyau, sara a jere, babu rawar hannu, daidai yadda na koya masa. Na tashi na karkaɗe riga na koma gida. Tun ran nan ina ci, ina barci, ina gaisawa da mutane, kamar wanda aka ba aron jiki. Shekaranjiya ƙanen nawa ya zo gaishe ni, muka zauna a zaure muna maganar tsadar taki. Yana magana ina kallon hannunsa.

Asabar ta sama 'Yar Takarda za ta zo da mutanenta a zaga kurmi a ƙirga itatuwa kamar kowace shekara, daga nan a yi taro. In na faɗa, za a kira sunan ƙanena a gaban surukansa da 'ya'yansa, kuma ni ne mai kiran. Ba shi da abin da za a karɓe sai akwatin kwanuka. Mutuncinsa ne zai tafi, da zumuncinmu, ga shi mu biyu muka rage a ɗakinmu. In na yi shiru, mai yiwuwa su wuce ba su ture ciyawa ba, mutanen birni ne. Amma matar nan za ta ci gaba da durƙusa min a hanya.

Na ce miki mutane da dama sun faɗa min. Wadda ta faɗa min a ƙarshe matata ce. Ranar da na dawo daga kurmi, lakar farcena kawai ta gani. Ta ajiye min abinci ta ce, Malam, ashe ka je ka gani. Ta ce sabon turmin da nake yaba nauyinsa, da guntayen da take hura wuta da su tun bara, daga ina nake tsammani suke zuwa? Ta ce kowa a garin nan ya sani, har matar da aka kwance wa awaki. Jira kawai ake a ga ranar da ni zan sani.

Tsohon Masassaƙi

AMSA

Baba, na amsa sallamarka, kuma sau biyu na karanta wasiƙarka.

Zan fara da abin da ya fi tsorata ka, wato rashin jin komai. Wanda bai ji komai ba ba ya ƙirga kwana tara, ba ya zama yana kallon hannun ƙanensa. Abin ne ya yi maka nauyi, zuciya ta ajiye shi a bakin ƙofa tukuna. Zai shigo, da fushin da kunyar duka. Kada ka jira su kafin ka motsa.

Shiru ba ya cikin zaɓin da kake da shi. Mama, matarka, ta riga ta gaya maka gari ya sani. Laifin ƙanenka ba shi ake jiran gani ba, an gama ganinsa, kai ake kallo. In Asabar ta wuce ba ka ce komai ba, duk mai gatari a garinku ya samu hujja, kuma aikin shekara biyar na mutane da yawa ne zai tafi, ba naka kaɗai ba.

Sai dai shi ma a duba nasa ɓangaren. An rufe wa mutum sana'ar da ya tashi da ita, an ba shi abin da ke kumbura masa fuska, shekara biyar babu wanda ya koma ya ce masa yaya ake ciki. Wannan bai wanke shi ba. Wanda ya shafa laka ya rufa da ganye ya san abin da yake yi. Amma kwamitinku da ƙungiyar suna da rabonsu a ciki, kuma ya kamata a faɗi haka a fili.

Gobe ka je gidansa da ƙafarka, kada ka aika a kira shi. Kada ka tambaye shi ko shi ne, don kada ka sa shi ya yi maka ƙarya. Ka ce masa ka ga layin. Ka nemi ya tashi da kansa ranar taro ya faɗa, kana tsaye a gefensa. Mutumin da ya faɗi laifinsa da bakinsa yana fita da wani abu na mutuncinsa. In ya ƙi, ka gaya masa tun a ɗakinsa cewa kai za ka faɗa, kada ya fara ji a bainar jama'a. Hukunci kuma ka bar wa sauran shidan, ka sauka daga kujera a kan wannan maganar.

Kafin Asabar ka kira ma'aikaciyar nan ka kai ta gindin bakwai ɗin da suka rage. Ƙila masu ilimin itace su ga abin da za a iya cetowa. A taron ka nemi daga yanzu kada a ɗauki busasshen itace sai an duba gindinsa. Ka kuma nemi a sake shimfiɗa tabarma da masassaƙa da duk wanda zuma ba ta karɓe shi ba, ko a ware musu itace ɗaya ko biyu a shekara da sanin kowa, su dasa madadinsa su raina.

Ita kuwa baiwar Allah mai marayu, kada ka jira taro. Akuya biyu a kan rassa biyu na tokare ɗaki ya yi tsauri, kai ma ka sani, shi ya sa gaisuwarta take maka ciwo. Ka nemi kwamiti ya mayar mata, in ba a samu ba ka fitar daga naka. In kuma za ka dawo da maganar gargaɗin farko, ita za ka fara nema wa, kafin a zo kan ƙanenka. In ba haka ba za a ce ba a san sassauci ba sai da abin ya iso gidanku, kuma gaskiya za a faɗa.

Ba zan yi maka alkawarin zai ci gaba da zuwa zaurenka ba. Yana iya yin wata shida bai gaishe ka ba. Kai ne babba, kai ka riƙa zuwa nasa, ko da bakin ƙofa za a bar ka.

Allah Ya ba ka ƙarfin tafiyar gobe, Baba, Ya sanyaya zuciyar ɗan'uwanka, Ya bar ku tare.