Kujerun Sun Zo a Kan Lokaci

Choggu, Tamale
Litinin

Ƙanena Abdul-Wadud,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da Latifatu da yara. Gaisuwar ke nan, ba ni da ƙarfin jan ta.

Zubeiru direba zai miƙa maka wannan takarda hannu da hannu, tunda lambar da na san ka da ita yanzu ba kai ke amsa ta ba.

Mma ba ta da lafiya. Asibiti sun sallamo ta, ba don ta warke ba. Koko ma sai da cokali, rabi ya shiga, rabi ya dawo. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta juyo ta ce, "Wadudu ne?"

Na rubuta maka ta waya cewa ka taho, ina tsoron rasuwa ta kusa. Kafin in ajiye wayar amsa ta shigo, har na ce alhamdulillahi. Ga ta nan na kwafo maka: "Mun gode da tuntuɓar Inuwar Jama'a, Alhaji! Muna tare da ku a wannan lokaci. Kanofi nawa da kujeru nawa kuke buƙata?" Na ce Mulikatu ce, yayarka, maganar uwarka nake yi. Aka turo mini hoton kanofi kala uku, in zaɓa. Na yi zagin da ɗalibaina ba su taɓa ji a bakina ba. Aka ce an gode da sha'awata.

Washegari wani Wumpini ya kira daga ofishinka na Dabokpa, murya kamar mai tallan magani a rediyo, wai ko an sa ranar adu'a, gara a kama kaya da wuri. Mma na kwance a gefena. Ta ce, "Adu'ar wa?" Na ce ta maƙwabta.

Na taka har Dabokpa neman sabuwar lambarka. Wumpini ya rantse ba shi da ita, shi ma ta sistem ɗin kwamfuta yake magana da kai. Na karanta labaran sarakunan da sai an bi ta fadawa kafin a gan su, amma su fadawansu mutane ne, ana iya kama musu riga.

Ka taho. Ba jibi ba.

Yayarka,
Mulikatu

Kumasi
Laraba

Zuwa ga Yayata Malama Mulikatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin Mma? Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da ɗawainiyar da kike yi.

Yaya, ki yi haƙuri, ba mutum ne ya amsa miki ba. Saƙonni sun fi ƙarfina, shi ya sa na ba kamfani tsohuwar lambar. Fataw, mai mana aikin kwamfuta, ya haɗa ta da manhajar da ke riƙe sunayen masu son haya. Idan ta ga kalma kamar biki, suna, rasuwa ko adu'a, sai ta buɗe wa mutum kati, ta amsa masa, ta tura shi ofishi mafi kusa. Ba abin da ke zuwa wayata sai babbar oda, daga kanofi goma zuwa sama, ita ce nake danna amincewa da kaina. Da ba don wannan tsari ba, da ban buɗe Kumasi ba.

Na sa Fataw ya cire ki daga cikin masu ciniki, ba za ki ƙara ganin hoton kanofi ba. Ki ci gaba da rubuto mini a tsohuwar lambar. Sabuwar lambar kuwa, kin san idan na ba ki, Kawu Seidu zai karɓa, kafin la'asar duk 'yan unguwar Gurugu sun haddace ta.

Mma ta sha tsorata mu. Bara ma haka muka taru, ta tashi ta ce a dafa mata tuwo. Ranar Asabar ina da makokin wani babban mutum a nan, aikin da na daɗe ina nema. Ina kwashe kaya zan kamo hanya, in sha Allah. Ki gaya mata haka.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Abdul-Wadud

Choggu
Asabar

Abdul-Wadud,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mma ta rasu jiya Juma'a bayan sallar asuba. An binne ta.

Zauna ka karanta sauran.

Na rubuta maka kamar yadda ka ce. Shiru, ko hoton kanofi babu. Na kira, ba ya shiga. Sai na tuna da wasiƙarka, da alfaharin da ka yi da oda mai zuwa wayarka. Na fita na ari wayar Lamisi mai waake, shinkafa da waken nan, uwata na kwance ba a ko yi mata wanka ba, na zauna a bakin kwata ina ciniki da kamfaninka. Na ce kanofi goma sha biyu. Aka tambayi sunan mamaci, na rubuta Hajiya Azeta, mahaifiyar Abdul-Wadud mai Inuwar Jama'a. Aka tambayi wuri, na rubuta gidan ubanka, Choggu, jana'iza yau.

Nan take amsa ta zo: "Manaja ya amince."

Na koma ciki na ce wa Kawu Seidu ka ga saƙon, kana hanya. Liman ya so a yi bayan Juma'a, jama'a na nan a tare. Ni na roƙe shi a kai la'asar. Na ce ɗanta namiji ɗaya ne, shi zai shiga kabari ya karɓe ta. Ka san zafin garin nan. Muka zauna muna yi mata fifita kamar tana ji.

Da na ji hon ɗin mota a ƙofar gida na fita a guje babu takalmi. Motocin kamfaninka ne, uku, cike da kujeru.

Wumpini ya sauko da takardarsa, ya ga fuskata, ya dubi sunan da ke hannunsa, sai a lokacin ya karanta. Shi ya gaya mini inda Fataw ya kai ni. Wai sistem ba shi da wurin 'yan'uwa, daga masu ciniki sai masu damun kamfani. An sa ni cikin akwatin masu zagi da 'yan damfara, wanda ba mai buɗewa, yana share kansa duk mako. Ya tura maka saƙo a gabana, aka ba shi lamba, wai ya jira layi ya zo kansa.

Sun kafa kanofi tun daga ƙofarmu har masallaci. Mata na cewa kai, Wadudu ya kyauta wa uwarsa. Sai su waiga su ce, to ina shi? Kawu Seidu da ciwon gwiwarsa shi ya shiga ramin.

Allah ya sa makokin babban mutum ya yi kyau.

Mulikatu

Ofishin Dabokpa
Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Na iso. Kawu ya kai ni maƙabarta. Na tsaya a ƙofar ɗakinki har aka kira sallah, kin ƙi buɗewa, ban ga laifinki ba.

Wallahi ban karanta ba. Ina tsaye cikin ma'aikata wayar ta yi ƙara, na ga goma sha biyu, na danna, na mayar aljihu. Har murna na yi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ta yi maganata? Ta yafe mini? Ko kalma ɗaya ce, ki rubuto, ki ba Lamisi.

Ƙanenki,
Wadudu

Choggu
Talata

Abdul-Wadud,

Wa alaikumus salam.

Ta yi maganarka. Ranar Alhamis ta ce in kara mata waya a baki, ta yi maka magana da muryarta, na tura. Ba zan maimaita maka da bakina ba. Yana cikin akwatin da aka jefa ni. Ka nemi Fataw ya buɗe maka, kafin mako ya zagayo.

Yau da safe saƙo ya shigo wayar Lamisi. Kamfaninka na tambaya ko mun ji daɗin aiki, yana fatan sake yi mana hidima nan gaba kaɗan. Lamisi ta so ta goge, na hana ta. Na ba ka taurari biyar. Kujerun sun zo a kan lokaci.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Mulikatu