Sun Yi Gardamar Makaɗa a Kan Gadonka

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan randa ga mai dogon ƙishi, Baban Mufeeda, mijina abin alfaharina.

Assalamu alaikum. Na aiko maka gaisuwa mai yawan ganyen da kaka ke zubarwa a titunan unguwarmu Peckham a nan London, wanda ake sharewa da safe, kafin azahar ya sake rufe hanya. Na ɗauki biro ne saboda labulen da ke tsakaninka da maƙwabcin gadonka a ɗakin asibiti bai hana kowa jin komai, kuma abin da ke cikina ba na kunnen jama'a ba ne. Nas ta ce idonka yana bin rubutu ko da harshenka bai tashi ba. To ka karanta a hankali, rabin raina. Tun ranar da stroke ya kwantar da kai, ya riƙe maka ɓarin dama da magana, flat ɗinmu ya zama kamar gonar da aka girbe: komai yana nan, amma babu abin da ke motsi.

Wallahi tun ranar Lahadi abinci ya ƙi shiga bakina. Ƙyama ce ta hana ni, kuma ka san dalili, tunda a gabanka aka yi. Na taho asibiti a Camberwell da fulas ɗin koko mai kauri, wanda nas ta yarda a ba ka, sai na tarar da abokanka biyu sun riga ni: Abdul-Samed, wanda kuka tashi tare a zangon Kumasi, da Davou mutumin Jos, wanda kuka yi shekaru kuna tuƙa bas a gareji ɗaya. Na ji daɗin ganinsu, Allah ya sani. Na ce yau fuskar mijina za ta yi haske. Ashe ba dubiya suka zo ba, majalisar gardamar makaɗan Turawa suka zo ci gaba da ita, irin wadda kuka saba yi a falonmu duk Asabar, sai dai wannan karon cikinka ne teburinsu!

Davou ya ce Beatles ne uwa da uba, duk wanda ya ɗauki jita bayansu a rijiyarsu ya sha. Abdul-Samed ya yi tsaki, ya ce wannan kiɗan 'yan matan makaranta ne, Rolling Stones ne maza, tunda har da furfura ba su sauka daga dandamali ba. Davou ya kawo Pink Floyd, wancan ya ce kiɗan masu jin barci. Aka shigo da Queen, aka fitar da Queen. Murya tana hawa, yatsa yana nuni, yawun Abdul-Samed yana sauka a kan bargonka. Ɗaya a damanka, ɗaya a hagunka, suna jifan juna da sunayen Turawan da ba su san an haife su ba, kai kuma kana tsakiya kamar kifin da aka jefo bakin gaɓa, bakinka yana buɗewa yana rufewa. Wa ya dube ka? Wa ya ga leɓenka ya bushe har ya tsage?

Ka yi ƙoƙari, farin watana, na ga jijiyar wuyanka ta tashi. Wani ɗan sauti ya fito, ni na san ruwa kake nema. Sai Abdul-Samed ya tafa hannu ya ce, "Ka ji ko! Wahabu ya ce Stones!" Davou ya ce ƙarya ne, Beatles ka ce. Suka ƙyaƙyace da dariya. Ƙishinka suka mayar ƙuri'a! Duk da haka na danne, na ce wasa ne na tsofaffin abokai. Abin da ya fasa min zuciya shi ne da Davou ya gyara zama ya ce, "A da Wahabu ɗan Led Zeppelin ne, Allah sarki." A da! Kana kwance kana numfashi, idonka biyu a kansu, hawaye yana gangarowa cikin kunnenka, su kuma suna maganarka kamar an gama sallar gawa an watse. Ban san lokacin da na ajiye fulas na ce su tashi su fita ba. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban abokanka ba, sai da nas ta leƙo.

Ka ɗauka nan abin ya tsaya? Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga Abdul-Samed da kwalaye babu komai a ciki, irin na ayaba da ake jibgewa a kasuwar Rye Lane, har da warin ruɓaɓɓen ɓawo a jikinsu. Da Hausarku ta zango da ba ta raba mace da namiji ya ce min, "Amariya, ka kawo faifan Wahabu in aje. Council, hukumar unguwa, zai kawo keken guragu, wuri babu. Kuma shi hannunshi ba ya iya sa allura a kan faifai kuma." Yana maganar yana leƙen kantar faifanka ta saman kafaɗata, idonsa yana sheƙi kamar na ungulu da ta hango akuya tana ɗingishi. Tir! Mutumin da ya ci tuwona fiye da yadda zan iya tunawa, mutumin da ka kwantar a kujerar falonmu lokacin da ba shi da wurin kwana a garin nan! Na rufe ƙofa, na shiga banɗaki na yi amai. Mufeeda ta kira ta ji muryata, da Turancinta ta ce za ta taho daga Abbey Wood ta same shi. Na ce ta bari, bai kai ba.

Ina ruwana da wanda ya fi wani a cikin makaɗan nan? A tara su duka, da jitocinsu da gangunansu da gashinsu har gadon baya, a ɗora a sikeli, wallahi ba su kai nauyin farcen hannunka da ya shanye ba. Amma kai da kake gardamar, daban kake yinta. Kai idan ka ce mai gangar Led Zeppelin ya fi kowa, tashi kake yi ka buga a kan tebur ka nuna yadda ta yi kama da gangar da ka ji kana yaro a zango. Idan ka ce kada a manta Osibisa, 'yan gida da suka kawo zafin ƙasarku cikin sanyin London, idonka cika yake yi da kewar gida. Kai so ne yake sa ka musu. Su kuwa son jin muryarsu ne kawai, shi ya sa ko a bakin kabari za su yi.

Ka tuna ranar da ka fara fita da ni, ɗanyen zumana? Na ci ado ina tsammanin gidan cin abinci, sai ka kai ni wani ɗan shagon tsofaffin faifai mai warin ƙura, ka bar ni tsaye kana tona kwali. Da muka fito da faifan da ka saya, ruwa ya kece. Ka cire kwat ɗinka, na miƙo kafaɗa, sai na ga faifan ka lulluɓe! Muka yi tafiya ina jiƙewa, mayafina ya manne a wuyana, ina rantsuwa a zuciyata ba zan ƙara ganinka ba. Muna isa wajen tsayawar bas ka juyo ka dube ni, kunya ta kama ka kamar yaron da aka tarar da hannunsa a tukunya. Ka warware kwat ɗin ka yafa min, ka bar faifan a ruwa har bangonsa ya kumbura. A ranar na san wanda zan aura. Wane tsuntsu ne zai bar reshen da ya lanƙwasa domin ya sauka a kai?

Saboda haka ka kwantar da hankalinka. Ko faifai ɗaya ba zai bar gidan nan ba. Na ture kujera, na auna ƙofa, keke zai wuce har gaban kantarka. Idan hannun dama ya ƙi, na hagu zai koya. Idan shi ma ya ƙi, ga nawa guda biyu, na wa ne in ba naka ba? Na nemi hutu a wurin aiki, duk ranar da masu gashin ƙashi za su tsayar da kai, kafaɗata za ka dafa. Davou ya kira yana ba da haƙuri. Kai aka yi wa, kai za ka yanke, da bakinka, ranar da Allah ya buɗe shi.

Kuma zai buɗe, ya hasken safiyata, na ga alama. Jiya da nake goge maka baki, ka matse yatsana, ka tattara duk ƙarfin da ya rage maka, ka ce "Ra." Nan ya tsaya. Ka runtse ido don takaici, ba ka san abin da ka ba ni ba. Da shi na hau bas, da shi na yi sallar la'asar, shi nake juyawa a bakina har yanzu. Rabin sunana ma bai kai ba, amma ya ishe ni guzuri. Ka riƙe sauran a wurinka, babu gaggawa. Ko wata zai ɗauka, ko shekara, ko sai a gaban Ubangiji za ka ƙarasa shi, ina nan a kujerar gefen gadonka ina jira, kuma zan amsa.

Taka a lafiya, taka a jinya, taka har ƙasa ta rufe idona,

Rashidatu