Farfela Tana Wurin Gyara

Asabar, 4 ga Maris

Yau ma Yaya ya bar murfin tankin mai a buɗe. Na isa rumfar jirage da hantsi, na taka tsani zan duba mai, sai ga murfin yana reto a sarƙarsa, ga sawun mai ya bi bayan fiffike. Wato haka ya tashi jiya, haka ya sauko, iska tana zuƙe masa mai bai sani ba. Na kira shi a waya, ya ce ni na bar shi. Ni da rabona da jirgin tun wancan makon! Mutumin da ya koya mini tuƙi, wanda in na tsallake abu ɗaya wajen zagayen dubawa sai ya sa na sake daga farko ina zufa, shi zan tsaya musu da shi a kan murfi? Jirgin namu ne mu biyu, amma wanki da canjin mai da zaman jiran makaniki duk a kaina suke. Na gaji.

Talata, 7 ga Maris

Ciwon baya. Ban leƙa ba.

Lahadi, 12 ga Maris

Allah ne ya kiyaye. Yaya ya tayar da inji, ƙarfen da muke jan jirgi da shi yana maƙale a tayar gaba. Dogo makaniki ne ya fito a guje yana ɗaga hannu kamar mai korar kaji, sannan Yaya ya kashe injin. Ya sauko yana dariya, wai gwada mu yake yi. Babu wanda ya taya shi.

Da zan tafi mutumin hasumiyar kula da jirage ya ja ni gefe. Ya ce shekaranjiya Yaya ya yi ta kiransa a rediyo da lambar tsohon jirginmu, wanda muka rabu da shi tun yarana suna firamare. “Muryarsa na gane, shi ya sa na ba shi hanya. Amma ba zan yi ta kau da kai ba.” Na ce na ji.

Litinin, 13 ga Maris

Na je gidan Yaya. Anti, matarsa, ta tare ni a kicin, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ya ɗora buta a wuta ya fita. Ya ɓata a hanyar dawowa daga wurin mai askinsa. “Kai kaɗai yake jin maganarka.” Haba Anti, yaushe? Ina da furfura ina da jika, har yau Auta yake ce mini.

Hanya a fili take, in gaya wa likitan da ke sa hannu a lasisinsa, a karɓe. Kuma zai san ni ne. Na shiga falo da niyyar faɗa masa baki da baki, na tarar ya baza taswira a tebur, wai in an yi hutu zai ɗauki jikokinsa ya nuna musu gidansu daga sama. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Yaya, ya jikin?” Tir da ni.

Asabar, 18 ga Maris

Mun cire farfelar da ke hancin jirgin, ni da Dogo, tunda ba ya tashi sai da ita. Mun naɗe ta da tsohon bargo, tana bayan kantar tayoyi a ɗakin ajiyarsa. Dogo sai ƙunƙuni yake, wai shi bai iya ƙarya ba, fuskarsa tona shi take yi. Na ce ka kama bakinka kawai, ƙaryar tawa ce.

Na gaya wa Yaya na ga ’yar tsaga a gindinta, an aika da ita kamfani. Na shirya wa faɗa. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, “Ka ga amfanin dubawa? Ashe koyarwata ba ta faɗi ƙasa ba.” Da ma marina ya yi.

Asabar, 8 ga Afrilu

“Auta, farfela fa?” Tun kafin ya rufe ƙofar mota. Na ce suna kan aiki.

Abin da ban lissafa ba, ni ma na ɗaure kaina. Sama tas yau, ko ɗigon gajimare babu, kowa ya fitar da nasa, ni ina zaune a kan jarka ina bin su da ido.

Laraba, 19 ga Afrilu

Dogo ya ce injin da ba ya aiki tsatsa ke cinsa ta ciki. Mun zuba masa man ajiya, mun toshe bututun hayaƙi. Duk jikina wari.

Asabar, 6 ga Mayu

Maƙwabcinmu na rumfa, mai jirgi irin namu, bawan Allah mai son taimako inda ba a nema ba, ya ji Yaya yana mita. Sai cewa ya yi, “Ai ina da wata a ajiye, ku ara mana.” Na taka masa ƙafa har sai da ya yi ƙara. Na ce ai ba girmansu ɗaya ba. Ya kalle ni, ya kalli Yaya, ya ce oho, haka ne fa, ya manta. Yanzu maƙaryatan sun ƙaru.

Lahadi, 28 ga Mayu

Yaya ya yi mini tas a gaban mutane. Malalaci, mai sanyin jiki, tun ina yaro haka nake, a ba shi lambar kamfanin ya kira da kansa. Na ce wayar tana gida. Ya ce ita ma wayar an kai ta gyara ko? Har Dogo sai da ya shige ƙarƙashin wani jirgi yana tari.

Na ce farfelar ta taso, tana hanya. Wancan makon na ce ba a samo irin ƙarfenta ba. Ni kaina na fara manta wace na faɗa. Shi da ke mantuwa, wannan guda ɗaya ya riƙe ta gam.

Asabar, 17 ga Yuni

Farfela fa. Farfela fa. Har a barci ina jin ta.

Asabar, 15 ga Yuli

Yau Yaya ya hau jirgin ya zauna a kujerar matuƙi, ya ce in hau gefe. Ya bi abubuwan dubawa ɗaya bayan ɗaya da ka, hannunsa na zuwa kan kowane maɓalli ba tare da ya kalla ba. Ko kuskure ɗaya. Ya faɗi lambar jirgin daidai. Ya ba ni labarin ranar da inji ya mutu mana a sama ina ta salati, shi kuwa ya sauke mu a gona lafiya lau, har yana tambayata ko na rufe baki kada ƙuda ya shiga. Muka yi dariya har da hawaye.

Na ce a raina, na zalunci mutumin nan. Lafiyarsa ƙalau. Saura kaɗan in tashi in ɗauko farfelar a bayan kantar tayoyi.

A hanyar gida, shi ke tuƙi, muka iso mararrabar layinsu ya taka birki. Motoci na ta hon a baya. Ya juyo ya ce, “Dama ne ko hagu?”

Alhamis, 10 ga Agusta

Ban taɓa tsammanin zan roƙi irin wannan ba, amma na roƙa. Allah ka sa ya daina tambaya. Na gaji da ƙirƙiro jirgin ruwa da ma’aikatan tasha da kamfanin da ba ya ɗaga waya. Na gaji da kallon idonsa.

Asabar, 9 ga Satumba

Anti ta karɓe makullin mota, an fara ganin likita. Ni nake ɗauko shi yanzu. Ya tambaya, amma sama-sama, kamar mai tambayar ko an yi ruwa jiya.

Asabar, 14 ga Oktoba

Bai tambaya ba. Ya zauna a kujerar roba, ya sha shayinsa, ya yi gyangyaɗi. Alhamdulillahi, na huta.

Asabar, 21 ga Oktoba

Yau ma.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Dogo ya ce to ai sai a mayar da farfelar, tunda babu sauran abin tsoro. Jiya muka ɗaura, muka zubar da man ajiya, inji ya tashi bugu ɗaya, muryarsa garau. Na wanke jirgin, na goge farfelar sai ƙyalli take.

Na kawo Yaya, na tsayar da shi a gabansa. Na ce, “Yaya, ga ta nan ta dawo.” Ya daɗe yana kallo. Ya shafa fiffiken da bayan hannu. Sai ya ce, “Na wane ne wannan?” Na ce namu ne. Ya yi dariya, irin wadda ake yi wa yaro in ya yi shirme. “Kai Auta, mutane ba su da tsoro. Yanzu sai mutum ya shiga ɗan wannan abin ya hau sama?”

Dogo ya ce zai je ya sayo wani abu. Bai dawo ba har muka tafi.

Yanayi ya yi kyau, da na so da na tashi. Ciwon bayan ne yake damuna.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Na sa Dogo ya sake cire farfelar. Na ce na ji kamar tana ɗan girgiza ranar da muka gwada. Ya ce shi bai ji ba. Na ce ni na ji. Ya ɗauko sifana.

Ba wani abu ba ne, gara a duba da kyau.

Na ja wa Yaya kujerarsa na ajiye daidai hancin jirgin, inda ba yadda za a yi ya ɗaga kai bai ga wurin farfelar wayam ba. Na zauna kusa da shi. Na yi gyaran murya, na ce kamfanin nan dai ba su da kirki. Ya ce wallahi shayin ya yi daɗi.

Mun zauna har aka fara rufe rumfa.