Ɗakin da Aka Duba Ranar Lahadi

Daga: Yayar wani ɗalibin ajin farko, Sashen Lissafi
Zuwa ga: Shugaban Ofishin Kula da Walwalar Ɗalibai
Kwanan wata: 20 ga Nuwamba

Game da: Ɗakin hayar da ofishinku ya shawarci ƙanena ya kama

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar da ta dace da kujerarka, ina rubuto wannan takarda ne daga bencin asibiti, inda ƙanena, wanda muke kira Auta, yake kwance tun ranar 16 ga wata. Ni na rene shi tun rasuwar mahaifiyarmu. Idan ka ji harshena ya yi kaifi, ka daure ka karanta har ƙarshe.

1. A farkon watan Satumba ofishinku ya tara sababbin ɗaliban da ba su sami masauki a cikin makaranta ba, aka yi musu ruwan shawara: kada su yarda da dillali, su murɗa famfo, su duba silin ko yana yoyo, su gwada sakatar ƙofa. Daga nan aka zuba su a motar jami'a domin zagayen gidajen da kuka ce kun amince da su. An shaida mana cewa ranar Lahadi ake wannan zagaye duk shekara, wai don kada kowa ya rasa darasi. Ni ma ina cikin motar.

2. Jami'in masaukin da ya jagorance mu, wanda daga baya na ji ɗalibai na kira Ba-Matsala, ya kai mu wani ɗaki a saman bene. A gaban kowa na gaya masa Auta yana da asma. Sai ya wangale taga, ya ja numfashi har maɓallin rigarsa na neman tsinkewa, ya ce iska irin wannan ko a ƙauye sai an dace. Na tambaye shi wata babbar ƙofar ƙarfe da na gani a kulle a ƙasa. Ya ce sito ne, ba matsala. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, muka yarda.

3. Ranka ya daɗe, ba sito ba ne. Garejin fentin mota ne, yana aiki daga Litinin zuwa Asabar, kuma tagar nan da aka yaba mana tana daidai saman inda ake feshi. Farar rigar da Auta ya shanya a jikin tagar na tarar da ita ta yi shuɗi-shuɗi. Yaron nan ya ɓoye mini, ya cusa tsumma a gefen tagar, ya riƙa zuƙar maganinsa fiye da ƙima, duk don tsoron kada in ce ya dawo gida. A kan matakala ya yanke jiki ya faɗi, mai fentin ne ya ciccibe shi zuwa asibiti. Ba ni da ƙorafi a kan wannan bawan Allah, abincinsa yake nema. Ya ce mini yana wurin tun kafin a ɗora benen, kuma bai taɓa sa jami'inku a ido ba. Ina zai gan shi, tunda ba ya buɗewa ranar Lahadi?

4. Ranar 18 ga wata na zo ofishinku. Jami'in ya ce ku shawara kawai kuke bayarwa, kuma da muna da lura da mun koma mun duba ranar aiki. Na tambaye shi me ya hana a saka wannan cikin dogon jawabin famfo da sakata, sai ya ce in jira zangon karatu mai zuwa. Ko ya jikin yaron bai ce mini ba. Wannan ya ƙona mini rai fiye da komai, kuma ban yafe ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon a nema wa Auta gado a masaukin cikin makaranta kafin a sallame shi, a cire wannan gida daga waɗanda kuke kai ɗalibai, a kuma mayar da zagayenku ranar da gari ke aiki. Jami'in kuwa, kai ka san abin da ya dace da shi.

Likita ya ce kada Auta ya sake kwana a ɗakin nan, ga jarrabawa za a fara mako mai zuwa. Ɗazu da ya farka, abin da ya fara tambayata shi ne ko na kawo masa littattafansa. Na kawo, suna ƙarƙashin gadon, suna warin fenti. Idan ranar sallama ta zo ba ku yi komai ba, tasha za mu wuce. Zai yi fushi da ni, na sani, amma gara in ji fushinsa yana numfashi.

Ina jiran amsarka. Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Mai biyayya gare ka,
(sa hannu)
Yayar Auta