Isuhu Bai Dawo Daga Maroko Ba

Yaya Adamu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lahiya, kai da iyali. Yaya zaman Kumasi? Ƙafar nan taka ta yi sauƙi? Mu nan Filinge lahiya lau.

Mun komo daga ziyarar Maroko, amma ban dawo da ƙanenmu Isuhu ba. Ni na roƙi shugaban tawaga ya sa sunansa, ni kuma na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta. Jagoranmu ya zaga da mu Fas, muka ga majema da lungunan tsohuwar kasuwa. A Kazablanka Isuhu ya daɗe tsaye yana kallon teku, ni ko ina ta ɗaukarsa hoto.

Ranar komowa jagora ya ƙirga mu cikin kar, motar da za ta kai mu filin jirgi, mutum guda babu. Sai ga saƙo a wayata: "Yaya, ka gafarce ni, na wuce Tanja, zan ƙetara Turai. Kada ku jira ni." Haka na zauna cikin jirgi har Yamai, kujerarsa wayam kusa da ni.

Da na iso gida, Inna ta leƙa bayana ta ce, "Ina ɗan'uwanka?" Matarsa Zainabu kuwa ba ta tambaye ni komi ba, kai kawai ta sunkuyar. Tun kafin mu tashi ta sani. Ashe tsani Isuhu ya yi da ni.

Ka sa shi cikin addu'a, Allah shi tsare shi. Ni ma ka roƙa mini sanyin zuciya, don har yau na kasa yafe masa. Ka gaida yara duka.

Ƙanenka,
Haruna