Ku Hau Dutse da Rigo

Hamburg, 9 ga Mayu

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Kobi. Yaya ƙafar Mama? Na san saura mako biyu ku hau dutse da shanu, kiwon da kuke zuwa duk shekara.

Ni lafiya lau nake. Aikin asibiti ba laifi. Cukun da Mama ta aiko ina ta lallaɓa shi.

Karen nan Rigo ne dai. Kullum sai na zagaya da shi awa biyu kafin aiki, amma ko haki ba ya yi. Shekaranjiya ya tattara masu jiran bas wuri guda, wani mai kwat ya ware, sai Rigo ya kama masa dunduniya yadda ka koya masa ya yi wa karsana. Mai gidan da muke haya, Madam Petersen, ta ce, "'Yar nan, mu fa ba shanu ba ne. Ƙarshen wata, ko ya tafi ko ku tafi tare."

Ka faɗa mini tun farko, Baba, cewa karen kiwo ba zai iya zaman birni ba, na ƙi ji. Zan kawo shi Asabar, in juyo washegari. Don Allah ku hau da shi.

Duk Lahadi in ƙararrawar coci ta kaɗa, sai ya ruga bakin ƙofa, ya ɗauka ta wuyan shanunmu ce. Nakan yi masa faɗa. Amma kada ka gaya wa Mama, sau biyu ni na riga shi isa ƙofar.

Allah ya kai ku lafiya.

'Yarka,
Regula