Ashe Ba Tsamiyar Ba Ce

Yaya Isuhu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya zaman Abijan? Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara duka. Mu nan Dakoro sai godiya, amma hankalina a tashe yake.

Zancen ɗana Hamisu ne. Bayan girbi ya daina barci, sai surutu ba tsayawa, wai shi zai ciyar da garin nan kaf. Ya buɗe rumbunsa, ya yi ta rabon hatsi ga duk mai wucewa. Yanzu kuma ya shige ɗaki ya fuskanci bango, ko matarsa ba ya amsa wa. Yaya, ciwon Baba nake gani sak.

An ce mana aljanun tsamiyar gidanmu ne suka taɓa Baba, har muka baro Birnin Lalle saboda su. To, Hamisu bai taɓa ganin tsamiyar nan ba.

Mun kai shi asibiti a Maraɗi. Likita ta ce, "Inna, cikin danginku akwai wanda ya taɓa yin haka?" Sai na ba ta labarin Baba. Ta ce ciwon yakan bi jini, ko da yake ba kowa yake kamawa ba, kuma akwai magani. Ya fara sha. Amma cikin matarsa ya tsufa, in na dube ta sai in ji tsoron kada ciwon ya bi abin da za ta haifa.

Ku sa mu cikin addu'a. Ka gaida mai ɗakinka da 'yan garinmu na can. Kuma don Allah, Yaya, ka faɗa mini gaskiya: yaranka suna barci?

Ƙanwarka,
Rabi